Ina Son Haɗa Karatun Lauya da na Akanta, Baba Ya Ce Taura Biyu Ba Ta Taunuwa

Assalamu alaikum Anti. Ni budurwa ce 'yar shekara 21 a garin Bauchi. Ina karatun akanta a jami'a, kwas na shekara huɗu, na gama aji biyu zan shiga na uku, kuma alhamdu lillahi sakamakona yana da kyau. Tun ina sakandare burina in zama lauya, amma ajin 'yan kasuwanci aka sa ni, Baba kuma ya ce akanta ce za ta amfani gidan. Ɗan kasuwa ne, yana sayar da atamfa da shadda a kasuwar Wunti, ni ce babba, ƙannena shida. Bara wani abokin kasuwancinsa na shekara da shekaru ya riƙe masa kuɗi masu yawa. Da aka je kotu aka ce ya kawo takarda, babu, don da baki suka ƙulla komai. Tun daga ranar na kasa cire karatun lauya daga raina.

Na gani a intanet cewa a ƙasashen waje ana haɗa digirin lauya da na kasuwanci a lokaci guda, mutum ya fito da takardu biyu. Wani ya ce zai samo mini irin wannan a Kwatano, in riƙa yi ta waya ina ci gaba da karatuna a nan, sai dai in ba da kuɗin rajista. Da na gaya wa Baba sai ya ce taura biyu ba ta taunuwa, kada in sake tayar da zancen. Mama ta ce in yi haƙuri. Ga shi an kawo gaisuwata, wanda zan aura ma'aikaci ne a Gombe, an tsayar da biki bayan na gama digiri, kuma ban gaya masa komai ba tukuna. Wani lokacin sai in ji kamar in ajiye akantar in sake rubuta JAMB. Ki ba ni shawara, kaina ya ɗaure.

Daga wata ɗaliba a Bauchi

Wa'alaikumus salam 'yata. Bari in fara da abin da ya fi gaggawa, don shi ne zai iya cin kuɗinki kafin mako ya zagayo: kada ki ba mutumin nan ko sisi. A ƙarshen 2023 wani ɗan jarida ya bayyana yadda ya sayo digiri daga Kwatano ta Jamhuriyar Benin cikin 'yan makonni don ya tona asirin harkar, kuma a farkon 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Jamhuriyar Benin da Togo. Ko da ma takardar da za a ba ki ta gaske ce, a Najeriya digiri kaɗai ba ya mayar da mutum lauya. Sai ya wuce ta Makarantar Horas da Lauyoyi, kuma majalisar da ke kula da ita ta daɗe tana cewa ba ta karɓar digirin lauya na wucin gadi ko na daga nesa. Ɗaliban Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wadda ta gwamnati ce sukutum, sun shafe shekaru suna fafutuka a kan wannan batun, balle wata makaranta a waya da ba ki taɓa ganin ƙofarta ba. Ki gode masa, ki rufe zancen.

Shi kuwa abin da kika gani a intanet gaskiya ne, akwai shi, sai dai ba a nuna miki dukkan hoton ba. A Amurka ba a shiga karatun lauya daga sakandare. Sai mutum ya gama digirin farko na shekara huɗu a kowane fanni, sannan ya yi digirin lauya da suke kira JD na shekara uku. Digirin kasuwanci na MBA kuma shekara biyu ne. Idan ya haɗa su, jami'o'i irin su Harvard sukan lissafa wasu darussan sau ɗaya a ɓangarorin biyu, sai ya gama cikin huɗu maimakon biyar. Ribar ke nan, shekara guda. Wato wanda kika gani yana murmushi da takardu biyu ya yi shekara takwas a jami'a, ga bashin karatu a wuyansa. A Ostiraliya an fi yin irin wanda kike kwatantawa, ɗalibi ya fito sakandare ya haɗa lauya da kasuwanci cikin kimanin shekara biyar. A Indiya ma akwai tsarin shekara biyar da ya haɗa digirin farko da na lauya. Duk wanda ya yi ɗayan waɗannan kuma yana son tsayawa a kotun Najeriya, sai ya dawo ya yi wani kwas na share fage da ake yi wa masu digirin waje kafin ya shiga aji ɗaya da sauran ɗalibai a makarantar lauyoyi.

A nan gida, JAMB gurbi ɗaya take ba ɗalibi a kwas ɗaya. Haɗin da aka saba da shi a tsangayoyinmu na lauya shi ne na dokar ƙasa da Shari'ar Musulunci, kamar yadda ake yi a Jami'ar Bayero da ta Usmanu Ɗanfodiyo, ko ƙwarewa a Shari'a kamar a Ahmadu Bello ta Zariya, kuma duk digiri ɗaya ne ake bayarwa. To, a nan Babanki yana da gaskiya, ko da bai san sunayen tsare-tsaren ba. Su biyu a lokaci guda ba za su yiwu miki ba. Inda na saɓa da shi shi ne inda ya ce a rufe zancen gaba ɗaya, domin abin da ba ya yiwuwa tare yana yiwuwa bi da bi, kuma mutane da yawa sun bi ta nan.

Ɗauko biro mu yi lissafi, tunda sana'arki ce. Idan kika ajiye akanta yau kika sake rubuta JAMB, digirin lauya shekara biyar ne, makarantar lauyoyi shekara ɗaya, hidimar ƙasa shekara ɗaya. Bakwai ke nan, in har kin samu gurbi a karon farko, kuma ba mu sa watannin da za ki zauna a gida kina jiran jarrabawa da fitowar sunaye ba. A ƙarshe digiri ɗaya za ki riƙe, shekara biyun da kika riga kika yi da kuɗin da Baba ya kashe sun tafi a banza. Idan kuwa kika ƙarasa akantar, saura miki shekara biyu, sai hidimar ƙasa ɗaya. Daga nan ki nemi gurbin lauya ta DE, wato shiga kai tsaye, inda mai digiri yake farawa daga aji biyu ya yi shekara huɗu, sai makarantar lauyoyi ɗaya. Takwas ke nan, kuma ba za ki sake yin hidimar ƙasa ba, sau ɗaya ake yin ta. Bambancin shekara guda ne tak, kuma a wannan hanyar digiri biyu za ki fito da su. Ko yajin aiki ya shigo tsakani, irin na wata takwas da aka yi a 2022, dukkan hanyoyin biyu zai shafa. Don haka maganar ajiye akanta ki cire ta daga ranki, sakin reshe ne a kama ganye.

Akwai kuma wani abin da ke tare 'yan ajin kasuwanci a bakin ƙofa, kuma da yawa ba sa sani sai sun cike fom. Tsangayoyin lauya suna neman kiredit a Adabin Turanci a sakamakon sakandare, ƙari a kan Turanci shi kansa. Ina kyautata zaton ba ki yi shi ba. Wannan ba ya buƙatar izinin kowa ko barin makaranta. WAEC da NECO duk suna da jarrabawar 'yan waje, kina iya yin rajistar darasin ki rubuta kina aji uku. Amma kafin ki biya kuɗi ki je ofishin ɗaukar ɗalibai na jami'ar da kike hange ki tambaya da bakinki: zama nawa suke karɓa, wane matakin digiri suke nema ga mai shigowa ta DE, kuma wane darasi ne wajibi. Sharuɗɗan sun bambanta daga jami'a zuwa jami'a. Ki kuma sani cewa kowace tsangayar lauya tana da adadin ɗaliban da aka yarje mata ta tura makarantar lauyoyi, shi ya sa guraben suke da tsada, na DE kuma suka fi ƙaranci. Abin da zai yi miki magana a ranar shi ne sakamakon akantar nan da kike jin kamar ki watsar. Duk makin da kika ci a aji uku da huɗu, wa karatun lauyan kike tarawa.

Ba sai kin yi nisa ba. Jami'ar jihar Bauchi, wadda yanzu ake kira Jami'ar Sa'adu Zungur, tana da tsangayar lauya a Misau. Jami'ar Jihar Gombe ma tana da tata a cikin gari, kuma tunda can za a kai ki, wannan ce ta fi dacewa da lissafinki. Ga Maiduguri, ga Jos, ga Kano in hali ya yi. Duk wadda kika zaɓa, ki tabbatar tana da amincewar hukumar jami'o'i ta NUC da ta majalisar ilimin lauyoyi a shekarar da za ki shiga, kada ki dogara da abin da wata ta gaya miki shekara uku da suka wuce.

Yanzu bari in taɓa wurin da na fi so ki tsaya ki yi tunani. Kin ce tun sakandare kike son zama lauya, na yarda. Amma wasiƙarki ta nuna wutar ta ruru ne ranar da kika ga mahaifinki ya dawo daga kotu hannu rabbana. Babu laifi a wannan, 'ya ta gari ce take jin zafin abin da aka yi wa ubanta. Sai dai ɓacin rai ba ya kai mutum shekara takwas. Yakan huce a shekara ta biyu, ya bar ki da tarin littattafai da kuɗin makaranta. Don haka ki gwada son nan kafin ki ɗora masa rayuwarki da ta wasu.

Gwajin ba shi da tsada. Zaman kotu a buɗe yake ga jama'a. Idan an yi hutun makaranta, ki shirya da safe ki je Babbar Kotun jiha a nan Bauchi ki zauna a bencin baya, ba kwana ɗaya ba, ki yi ta zuwa har ki saba. Za ki ga lauya ya iso tun kafin ƙarfe tara da fayil a hammata, ya zauna cikin baƙar riga a zafin nan yana fifita da takarda, magatakarda yana kiran lambobin shari'a ɗaya bayan ɗaya. Sai wajen azahar a kira tasa, ya miƙe, ɗaya ɓangaren ya ce shaidarsa bai samu zuwa ba, alƙali ya buɗe littafi ya ba da rana bayan wata biyu. Minti uku, aikin ranar ya ƙare. Wanda ya ɗauke shi kuma yana jiransa a baranda yana tambayar yaushe za a gama. Mafi yawan aikin lauya ba a kotun ma yake ba, yana kan tebur, karatu da rubutu da sake rubutu. Idan kin ga wannan kuma kika ji har yanzu hankalinki yana kan hujjar da aka kawo, kina son sanin dalilin da ya sa alƙali ya karɓi wannan takarda ya ƙi waccan, to son na gaske ne. Ki kuma lura da kanki a darussan dokar kasuwanci, dokar kamfanoni da haraji da ke cikin manhajarku ta akanta. In su ne kike ɗokin shiga, alama ce. In kuwa haddace su kike yi don ki wuce, ita ma alama ce, kuma gara ki gan ta yanzu.

Sai wani abin da masu tallan takardu biyu ba sa faɗa. Ƙa'idojin aikin lauya a Najeriya sun hana mutum yin aikin lauya tare da wata sana'ar ƙwararru a lokaci guda, sai da izinin majalisar lauyoyi. Wato ba za ki buɗe ofis ki rataya allo biyu ba, safe kina binciken littattafan kamfani da yamma kina kare shi a kotu. Ɗaya za ki riƙe a matsayin sana'a, ɗayar ta zama ƙarfin da ke bayanta. Kuma ƙarfi ne ba ƙarami ba. Lauyan da ya iya karanta bayanan kuɗi ba ya jiran a fassara masa su. Kotun sauraren ƙorafin haraji ta shiyyar Arewa maso Gabas a Bauchi take zama, ga sababbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a 2025, kuma 'yan kasuwarmu za su daɗe suna neman mai yi musu bayani da Hausa. Ga bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa, tun daga Jaiz da ya fara aiki a 2012, ga sukuk, wato takardun zuba jari na Musulunci, da gwamnatin tarayya ta fara fitarwa a 2017, dukkansu kwangila ce da lissafi da fiƙihu a wuri ɗaya. Ga hukumomi irin su EFCC da aikinsu bin sawun kuɗi ne. Ga rabon gado, wanda ke raba zumunci a gidajen 'yan kasuwa saboda babu wanda ya san iyakar dukiyar mamaci da ta abokan hulɗarsa. A irin waɗannan wurare haɗin da kike so yake biyan kuɗinsa.

Amma ki san cewa wasu daga cikin ƙofofin nan suna buɗuwa ba tare da digirin lauya ba. Mai digirin akanta tana iya rubuta jarrabawar ICAN, cibiyar ƙwararrun akantoci, ana ma yafe mata wasu darussan farko, ko ta bi ta ƙungiyar akantoci ta ANAN da kwalejinta ke kusa da Jos. Akwai cibiyar ƙwararrun haraji ta CITN, akwai ta sakatarorin kamfanoni ta ICSAN. Dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda lauya ko ƙwararren akanta ko ɗan ICSAN ya riƙe muƙamin sakataren babban kamfani. Yawancin waɗannan jarrabawa ce da ake yi wa shiri daga gida, ana aiki, ana aure, ana goyo. Idan bayan gwajin kotu kika gane abin da kike so shi ne kare 'yan kasuwa daga irin abin da ya sami Baba, wannan hanyar ta fi gajarta da arha. Idan kuwa tsayawa gaban alƙali kike so, babu wata hanya sai digirin lauya da makarantar lauyoyi. Ni a ganina, ko wacce kika zaɓa, ki fara ICAN a shekarar hidimar ƙasa. Ita ce za ta iya sa ki samu abin da za ki biya wa kanki kuɗin karatu na biyu.

Wannan ya kawo mu kan Baba. Ki dube shi da idon rahama. Mutum ne da aka ci amanarsa a bainar jama'a, jarinsa ya ragu, yana da yara shida a bayanki, kuma ya sa rai nan da shekara biyu nauyinki zai sauka, wataƙila ma ki fara tallafa masa. Sai ga ki da zancen wata makaranta a Kwatano da kuɗin rajista. Da ni ce shi, abin da zan ce ke nan. Ba burinki ya ƙi ba, bai ma ji shi sosai ba. Abin da ya shiga kunnensa shi ne ƙarin kuɗi, ƙarin shekaru, da yiwuwar a fasa ranar da ya riga ya ba mutane. Dattijo a Bauchi yana iya jure asarar kuɗi, amma a ce ya yi magana biyu da surukai, wannan ya fi yi masa ciwo.

Saboda haka kada ki koma masa da baki yanzu, ki koma masa da aiki. Abin da ya kayar da shi a kotu rashin rubutu ne, kuma wannan ba ya jiran sai kin zama lauya. Ki roƙe shi ya bar ki ki riƙa zuwa shago ranar Asabar. Ki sayi babban littafi, ki rubuta duk wanda ake bi da duk wanda ke bi, kwanan wata, yadi nawa, turmi nawa, an biya nawa, saura nawa. Duk wanda zai ɗauki kaya bashi ya sa hannu, shaidu biyu su sa. Idan wani ya ce ai mun saba, rashin yarda ce ta kawo haka, Baba yana da amsar da babu mai musa ta: aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi a kafa shaidu. In akwai wanda suke haɗa jari da shi yanzu, ki lallashe shi su je wurin lauya a rubuta musu yarjejeniya, in kuma bai yi wa kasuwancin rajista da hukumar CAC ba, ki taimaka masa ya yi. Ranar da littafin nan ya dawo masa da kuɗin da da sun salwanta, zancenki zai yi nauyi a kunnensa fiye da duk wani roƙo.

Bayan wata biyu ko uku sai ki tayar da maganar, kuma ba ke kaɗai ba. Ki fara da Mama, ki nuna mata lissafin shekarun nan a takarda. Haƙurin da take ba ki na tsoro ne, tana gudun a ce 'yarta ta ɓata magana, kuma in ta ga babu fasa aure babu barin makaranta a ciki, ita ce za ta san ranar da ya dace. Sannan ki nemi wanda Baba yake jin nauyinsa, kawunki ko baffanki ko limamin unguwa. Ki bari ya dawo daga sallar isha'i ya ci abinci ya huta. Ki fara da abin da yake son ji, kuma ya zama gaskiya ne: Baba na bar maganar Kwatano, zan gama akanta kamar yadda ka ce, kuma ba na neman a ɗaga biki. Sai ki ce abin da kike roƙo izini ne da albarka, cewa bayan hidimar ƙasa za ki nemi gurbin lauya, kuma ba daga aljihunsa ba, don kin san ƙannenki na jiran nasu rabon. In ya nuna shakkar ko aikin ya dace da mace, ki tuna masa da Mai Shari'a Zainab Bulkachuwa, wadda ta yi Babbar Jojin Jihar Gombe kuma ta zama mace ta farko da ta shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ƙasa daga 2014 zuwa 2020, da Mai Shari'a Aloma Mukhtar da ta zama Alƙaliyar Alƙalan Najeriya a 2012. In kuma sutura ce damuwarsa, tun 2018 aka amince mace ta karɓi rantsuwar zama lauya da hijabinta. Idan ya yi shiru bai ce komai ba, kada ki matsa. Iyayenmu ba su cika cewa na amince a zama ɗaya ba.

Wanda na fi damuwa da shi a wasiƙarki shi ne wanda kika ba layi ɗaya. Mutumin nan zai aure ki yana zaton ɗaliba mai shirin gamawa zai ɗauko, alhali ke kina da shirin ƙarin shekara biyar na cikakken karatu a zuciyarki. Ɓoye masa wannan ba adalci ba ne, kuma ke zai fi cutarwa, domin bayan ɗaurin aure izininsa ne zai yi aiki, ba na Baba ba. Ki gaya masa yanzu, tun ana zance a zaure, kuma ki gaya masa da nauyinsa. Karatun lauya kullum ne, daga safe zuwa yamma, ana ɗaukar sunan wanda ya halarta. Makarantar lauyoyi kuma ba ta da reshe a Gombe ko Bauchi. Mafi kusa su ne Yola da Bagauda ta Kano, sai hedikwata a Bwari ta Abuja, kuma ana iya tura ki Legas, Inugu, Yenagoa ko Fatakwal. Watanni za ki yi ba kya gida, wataƙila da yaro a hannu ko a wajen kakarsa. Ki tambaye shi kai tsaye wa zai biya, wa zai riƙe gida, kuma danginsa za su ce me.

Ki saurari yadda zai amsa fiye da abin da zai faɗa. Saurayi a lokacin neman aure yana iya cewa ko wata kike son zuwa zai kai ki. Wanda ya tsaya ya yi tambayoyi, ya ce bari ya yi tunani, ya dawo da nasa sharuɗɗan, na fi yarda da shi a kan wanda ya ce ba komai nan take. In ya amince, kada ya tsaya tsakaninku. A sanar da waliyyai, a faɗe shi a gaban manyan ɓangarorin biyu a matsayin sharaɗi, in so samu ne a rubuta. Ke da kika ga abin da alkawarin baka ya jawo a gidanku, ba sai na tsawaita ba. In kuma ya ce shi gaskiya ba zai iya ba, kada ki ɗauke shi mugu, yana da haƙƙin ya so matar da za ta zauna kusa. Sai ki auna da kanki, da istihara da shawarar Mama, ko hanyar ICAN da haraji za ta gamsar da ke a gidansa, ko kuwa wannan bambanci ne da ya fi kyau a gano shi kafin a kai lefe. Zaɓin naki ne, ni dai ba na so ki yi shi a makance.

Kada kuma ki ɗauka dole sai an shiga lauya washegarin gama hidimar ƙasa. DE ba ta rufewa don mutum ya yi aure ko ya haihu, kuma a kowane ajin lauya za ki tarar da ma'aikata da iyayen yara da suka dawo bayan shekaru. In kika yi aiki shekara biyu kika tara kuɗi kika gama ICAN, za ki shiga aji da sanin ainihin abin da kika zo nema. Matar aure tana iya neman a mayar da hidimar ƙasarta jihar da mijinta yake, don haka ki yi ƙoƙarin samun wurin aiki a hukumar tara haraji ta jiha ko sashen kuɗi na ma'aikatar shari'a, inda za ki riƙa gogayya da lauyoyi kullum kina ganin aikinsu da idonki.

A wannan zangon dai abu uku ne a gabanki, kuma babu wanda zai jawo faɗa a gida: ki riƙe makinki, ki binciki maganar Adabin Turanci, ki buɗe littafin shagon Baba. Maganar wanda zai aure ki kuwa kada ta wuce zuwansa na gaba. Allah Ya yi miki zaɓin alheri, Ya mayar wa Baba da abin da ya rasa. Idan kin je kotun kin zauna, ki sake rubuto mini ki gaya mini abin da kika gani da yadda kika ji.